Tukunyar Dalma a Ƙarƙashin Bene

A Tasawa aka haifi Ilya, a unguwar maƙera. Mahaifinsa, Mai Moussa, fartanya da gatari da lauje yake ƙerawa, amma abin da ya fitar da sunansa har ƙauyukan nesa shi ne gyaran bindigar maharba. Idan an gama girbi sukan zo da bindigoginsu naɗe cikin tsumma, ya gyara musu kunamar bindigar, ya narka dalma a wani tsohon ludayin ƙarfe ya zuba musu harsasai. Duk da haka bai so ɗansa ya gaje shi ba. Ya ce idonsa ya isa misali, don hayaƙi ya riga ya cinye masa ɗaya. Ya kai Ilya lakol, makarantar boko, da kansa, ya kuma hana shi zaman maƙera in ba ranar hutu ba.

Yaron ya yi karatu a Maraɗi, ya wuce Yamai, daga can ya sami tallafin karatu zuwa birnin Lyon, can ƙasar Turawa. Da aka tambaye shi abin da zai karanta sai ya ce ilimin ƙarafa. Bayan ya gama ya sami aiki a wani labo, ɗakin gwaje-gwaje da ke Villeurbanne kusa da Lyon, inda ake gwada ƙarfin ƙarfe. Na'ura ce ke jan ƙarfen har ya tsinke, shi kuma yana zaune gaban allo yana duba abin da ta rubuta. Ya shekara goma sha ɗaya a nan bai taɓa ganin garwashi ba. Ya auri Hassia, 'yar Maraɗi mai aiki a ɗakin karatu na jami'a, suka haifi 'ya suka sa mata Sofia. Mutum ne mai shiru, ba ya makara wurin aiki, ba ya ɗaga murya a cikin tiram, jirgin cikin gari. Ya ajiye wa hukuma takardun neman zama ɗan ƙasa, yana ta jira, kuma tun ranar da ya ajiye su yake takatsantsan da komai, har da inda zai ajiye kekensa.

Sofia na da wata biyar Mai Moussa ya rasu. Labarin ya iske Ilya takardar zamansa tana hannun hukuma ana sabuntawa, in ya fita ba shi da tabbacin dawowa. Ta waya ya ji an gama jana'iza. Washegari ya tafi aiki kamar kullum.

A labon akwai wani tsohon Bature mai suna Gonin, saura shekara guda ya yi ritaya. Shi ne ya lura Ilya ya daina cin abincin rana. Bai tambaye shi komai ba, sai wata Juma'a ya ce masa:

"Lahadi me kake yi? Zo ka raka ni, hannuna ya fara rawa, ina son mai riƙe mini abu."

Gidan Gonin yana wani ƙauye a wajen Lyon, da lambu a bayansa da wata rumfar katako mai buɗaɗɗen gaba. Ashe tsohon ɗan wata ƙungiya ce ta masu harbin allo da bindigogin zamanin da, irin waɗanda aka ƙera tun zamanin kakanninsa. Ba su farauta. Takarda suke kafawa can nesa, mai baƙin ɗigo a tsakiya, su yi ta gasar wa zai fi kusantar ɗigon. Harsashin irin waɗannan bindigogi ba kasafai ake samunsa a kanti ba, kowa shi ke zuba nasa.

Gonin ya kunna wata 'yar tukunyar lantarki, dalma ta narke tana sheƙi. Ya kwashe dattin da ya taso sama, ya miƙa wa Ilya mazubin ƙarfe mai hannun katako. Ilya ya karɓa, ya kara shi kusa da kuncinsa don ya ji zafinsa, ya ce bai yi ba tukuna. Tsohon ya kalle shi.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Babana."

Da mazubin ya ɗauki zafi Ilya ya zuba, ya ɗan jira, ya ƙwanƙwasa da sanda, harsashi ya faɗo kan tsumma sumul, babu tamoji ko ɗaya. Sai Gonin ya ɗora wani kwano a wuta, ya narka kakin zuma da kitsen rago. Ya ce ana cika 'yan tsagogin jikin harsashin da shi ne don kada dalma ta riƙa mannewa a cikin bututun bindiga. Ƙamshin kitsen da ƙaurin ƙarfe mai zafi suka cika rumfar. Ilya ya ajiye mazubin, ya fita ya tsaya bayan wata bishiya, ya yi kukan da bai yi ba tun ranar rasuwar. Gonin ya ci gaba da aikinsa kamar bai gani ba.

Daga nan Lahadi ta zama ta rumfar. Ilya ya shiga ƙungiyar, likita ya duba shi, ya sami katinsa, komai bisa ƙa'ida. Harbin kansa bai dame shi sosai ba, zubin ne ke jan sa. Yakan auna kowane harsashi a sikeli, wanda ya yi tawaya ya mayar da shi tukunya. 'Yan ƙungiyar suka fara roƙonsa ya zuba musu. Hassia ba ta so abin ba, amma ta ga mijinta ya dawo cin abinci, har yana dariya. Sharaɗi ɗaya ta gindaya.

"Baban Sofia, ka je ka yi wasanka can. Amma kada wani abu na bindiga ya shigo gidan nan, ko da ƙusa ce."

Ya ce ya yi alkawari.

Gonin ba ya gajiya da maimaita dokokinsa. A yi aikin a waje inda iska ke wucewa. A wanke hannu kafin a taɓa abinci. Rigar aiki ta kwana a rumfa. Ilya yakan yi murmushi, don shi da ya karanci ƙarafa ya san illar dalma fiye da tsohon.

Bayan shekara biyu Gonin ya faɗi a lambunsa, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yarsa ta sayar da gidan ta tafi da tsohon kudu. Kafin su tashi ya sa aka kira Ilya, ya nuna masa tukunyar da mazubai uku da hannunsa mai lafiya, ya ce da kyar, "Naka ne." Bindigar da Ilya ke harbi da ita tana ajiye a ma'ajiyar ƙungiya, amma ƙungiyar ba ta da wurin zubi. Ilya ya zuba kayan a kwali ya kawo Villeurbanne, ya sa su a ɗan ɗakin ajiyar da kowane mai haya ke da shi a ƙarƙashin bene. Ya gaya wa kansa ai wannan ba cikin gida ba ne.

Hassia tana aiki ranar Asabar da safe. Wata Asabar, Sofia na barci, ya hau da tukunyar ya kunna a baranda, inda iska ke wucewa kamar yadda Gonin ya ce. Bai zuba goma ba sai maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan shingen da ya raba barandarsu, da butar ban ruwan furanni.

"Me ake dafawa haka, maƙwabci?"

"Gyaran famfo nake yi," in ji shi, yana jan tsumma ya rufe harsasan.

Matar ta yi dariya ta koma. Shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Ya ga kansa yadda wani zai gan shi: baƙar fata, mai zuwa masallaci ranar Juma'a, yana zuba harsasai a baranda. Kira ɗaya ya isa. Ko da an zo an ga takardunsa daidai suke, ya tabbata wani zai rubuta wani abu a wani wuri, takardun da yake jira su tsaya har abada. Ya kashe tukunyar, ya jira ta huce, ya mayar da ita ƙasa.

Da ya tsaya nan da shi ke nan. Amma bayan mako uku hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ɗakin ajiyar taku uku ne a tsaye, biyu a kwance, ba taga. Nan ya koma yin zubi, da ƙofa a rufe don kada mai wucewa ya gani. Dattin da yake kwashewa daga kan dalmar yakan bushe ya zama gari, ya zuba shi a gwangwani, wani ya zube a ƙasa, ya share da tsintsiya. Da rigar da takalmin yake hawowa sama, Sofia ta rugo ta rungume masa ƙafa. Da sanyi ya shigo, kakin ya ƙi zama a narke a can ƙasa, sai ya fara hawowa da harsasan kicin ranar Asabar. Yakan jera su tsaye a faranti, ya kwarara musu kakin, ya jira ya daskare, ya cire su ɗaya-ɗaya. Kafin Hassia ta dawo ya goge tebur, ya buɗe taga. Ya sani sarai abin da yake yi ba daidai ba ne. Kowace Asabar yakan ce wannan ce ta ƙarshe.

Sofia ta kusa shekara uku sa'ad da ta fara ƙin abinci. Ta riƙa riƙe ciki tana kuka, ta yi kwana uku ba ta yi bayan gida ba. Yarinyar da bakinta ya buɗe da wuri, tana haɗa Hausa da Faransanci tana ba su dariya, sai ta koma nuni da yatsa. Likita ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ba da magani. Da abin bai sauya ba ta sake ɗibar jini. Bayan kwana huɗu ta kira su, ta ce su zo su biyun.

"Akwai dalma a jinin yarinyar nan," in ji likitar. "A ma'auninmu, da zarar ta kai hamsin doka ta ce in sanar da hukumar lafiya. Tata ɗari biyu da talatin ce."

Ta ce abin bai kai a kwantar da ita ba, amma dole a gano daga ina take samunta, a raba ta da shi. Ta ɗauko takarda ta fara tambaya. Tsohon gida ne? Fenti yana ɓarewa? Akwai wanda ke aiki da dalma a gidan?

"A labonmu ba ma taɓa dalma," in ji Ilya. Gaskiya ce, ya kuma san ƙarya ya yi da ita.

"Maganin gargajiya fa? Ko kwalli?"

Hassia ta dafe ƙirji. Mahaifiyarta ta aiko mata da kwalli daga Maraɗi, ita kuwa ta sa wa Sofia ranar Sallah, ta sake sa mata ranar wani suna. Likitar ta ce wani kwallin akwai dalma a ciki, ta kawo a gwada. Ilya ya kama hannun Hassia suka fito.

Kwana goma sha biyu ya bar ta a haka. Tana dafa abinci tana hawaye. Ta kira mahaifiyarta ta faɗa mata maganganun da ba ta taɓa faɗa mata ba, har tsohuwar ta kashe waya. Wata ma'aikaciyar lafiya ta zo da na'ura ta bi bangon gidan ɗaki-ɗaki, ba ta sami komai a fenti ba, ta goge ƙurar ƙasa da wasu 'yan ƙyallaye ta tafi da su. Ilya yana tsaye yana kallo. Sau uku ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya fasa. Ya kwashe kayan ya kulle a kwali, ya wanke kicin da ruwan zafi, ya jefar da takalmin. Ya riƙa ce wa Hassia, "Ki daina zargin kanki, ba ki sani ba ne." In ya faɗi haka sai ya shiga banɗaki ya daɗe.

Ranar Laraba da rana Hassia ta ce za ta wanke duk kayan wasan Sofia, kamar yadda likita ta umarta. Ta zazzage wata 'yar jakar da yarinyar ke rataya wa 'yar tsanarta. Wani abu mai nauyi ya faɗo ya gangara ƙarƙashin kujera. Ta ɗauko shi. Dogo ne kamar gaɓar yatsa, toka-toka, yana ƙamshin zuma, jikinsa duk shaidar ƙananan haƙora.

Ilya ya dawo daga aiki ya iske shi a tsakiyar tebur, Hassia na zaune da mayafinta a kai.

"Mene ne wannan?"

Bai yi gardama ba. Ya zauna ya faɗa mata komai, tun daga baranda har kicin. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Ranar da likita ta yi tambaya, ka sani?"

"Na sani."

"Da na kira Inna na ce ta sa wa jikarta guba, kana nan zaune. Ka ji ni."

"Hassia, tsoro na ji. Da na faɗa, da an rubuta…"

"An rubuta me? Takarda? Ilya, ka auna 'yarka da takarda, takarda ta fi nauyi?"

Tun da suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa a gabansa ba sai ranar. Washegari da safe ta ɗauki Sofia da akwati ɗaya suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, gidan ƙanwar mahaifinta, Gwaggo A'i, wadda ta shekara talatin a Montreuil, a gefen birnin.

A ranar ya kira ma'aikaciyar lafiyar ya ce yana da magana. Ya kai ta ƙarƙashin benen ya buɗe kwalin, yana jiran duk abin da zai biyo baya. Matar ta duba, ta tambaye shi ko yana da katin ƙungiya, ya nuna. Ta ce dama gwajin ƙurar ya nuna akwai dalma tun daga bakin ƙofa har kicin, kwallin kuwa ba a sami komai a cikinsa ba. Ta rubuta, ta ba shi sunan masu aikin tsabtace irin wannan wuri, ta ce shi ma ya je a duba jininsa.

"Da ka faɗa tun farko, da mun rage mata mako biyu," in ji ta, tana rufe jakarta.

Shi ke nan. Ba wanda ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ba wanda ya kira shi ofis. Abin da ya ji tsoro har ya kulle kansa a ɗakin da ba taga bai faru ba. Wannan ya fi komai ci masa rai. Ya kai tukunyar da mazuban wurin shugaban ƙungiya, ya mayar da katinsa. Nasa jinin ma an sami dalma a ciki, ta fi ta Sofia yawa, bai gaya wa kowa ba sai da aka tambaye shi.

Asabar ta biyu ya je Montreuil. Ya sauka daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya taka zuwa benen, ya hau hawa na huɗu. Gwaggo A'i ce ta buɗe. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa gaisuwar duka, ta tambayi aiki da gajiyar hanya, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce ya zauna.

"Hassia ta fita da yarinya, ni na ce ta fita. Ilya, na san tsoron da kake faɗi. Mijina ya shekara ashirin yana tuƙi a garin nan, bai taɓa fita ba tare da takardunsa a aljihun ƙirji ba, har ya rasu. Ban ga laifinka a tsoro ba. Kuma tsautsayi yana samun kowa. Amma ka zauna kana kallon matarka tana cin kanta kwana goma sha biyu, wannan ba tsoron Turawa ba ne. Wannan naka ne."

"Haka ne, Gwaggo. Ku taya ni ba ta haƙuri."

"Ba yanzu ba. Ka fara kiran uwarta. Ita aka zaga a kan abin da ba ta yi ba."

A nan gabanta ya kira Maraɗi. Tsohuwar ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce Allah ya ba yarinya lafiya, ta tambaya ko tana cin abinci. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Da la'asar Hassia ta dawo. Sofia ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa, sannan ta zo ta hau cinyarsa ta kama masa kunne. Ya lura Hassia tana kallon hannuwansa. Ya sauke yarinyar ya je ya wanke su, ko da yake ya wanke a tasha.

Yau shekara biyu ke nan. Duk wata uku ake ɗibar jinin Sofia, dalmar tana sauka a hankali, a gwajin baya ta faɗo ƙasa da hamsin. Ta shiga makaranta, tana magana, sai dai tana bayan sa'o'inta, kuma ba ta iya zama wuri ɗaya. Ranar Laraba ana kai ta wurin mai koyar da furuci. Ilya ya tambayi likitoci uku ko dalmar ce ta jawo, ko kuwa dama haka za ta kasance. Dukansu sun ce ba wanda zai iya rantsewa. Takardar zama ɗan ƙasa ta fito a bara. Ya karɓo ta ya sa a aljihun tebur, bai gaya wa Hassia ba sai bayan wata guda.

Hassia ta sami aiki a wani ɗakin karatu a Paris. Ba ta nemi saki ba, ba ta kuma koma Villeurbanne ba. Shi yana can shi kaɗai a gidan da aka wanke har bango. Kowace Juma'a da yamma yakan hau jirgi, ya kwana a falon Gwaggo A'i, Lahadi ya koma. Ya rubuta takardun neman aiki a Paris guda tara, biyu sun kira shi hira, ɗaya ta ce zai ji daga gare su.

A makon jiya, yana ɗaura takalmi zai tafi tasha, Hassia ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Gwaggo ta gaji da hayaniyarmu, ko ba ta faɗa ba," ta ce. "In aikin nan ya yiwu, ka nemi gida mai ɗaki biyu kusa da makarantar Sofia. Zan zo in duba."

Ya ɗago zai yi magana.

"Dubawa na ce," in ji ta. "Tashi, za ka rasa jirgi."